Kejin Kifi a Kan Makwanta

Har yau in na ji baƙo ya sauko daga mota yana cewa wai sun zo ne su ji ra'ayinmu, raina yakan ɓaci tun bai sami wurin zama ba. 'Ya'yana sun ce na cika zafi. To, na cika. Su a sabon gari aka haife su, ba su san ƙauyenmu ba sai a bakina.

Ƙauyenmu yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori. Ina budurwa aka tashe mu, aka kai mu wani tudu mai tsakuwa ta wajen Maradun, inda ko gujiya sai ta yi da ƙyar. Waɗanda suka tashe mu ɗin ma da sallama suka zo, da goro, da murmushi, suna kafa turaku a gonaki suna cewa alama ce kawai. Abin da ya sami mutanen da suka fita tare hanya suna neman hakkinsu kuwa, kowa a ƙasar nan ya sani, daga Mafara har Bakura. Akwai waɗanda suka fita da safe ba su komo ba. Ruwa ya zo ya ci gonaki, ya ci gidaje da rumbuna, ya ci masallaci, ya ci maƙabarta. Mazanmu da suka saba da kalmen noma suka koma jirgi da taru, don ba yadda za su yi. Ni kuma da na yi aure sai na kama bandar kifi, ina kaiwa kasuwar Mafara.

A cikin ruwan nan akwai wani wuri tsakanin tuddai biyu, inda iska ba ta cika kaɗawa. Nan maƙabartarmu take, can ƙasa. Mutanenmu ba su taɓa ce masa maƙabarta ba tun da ruwa ya rufe shi, bakinsu ba ya iya ɗauka. Makwanta suke cewa. Ba a jefa birgi a wurin, ba a shimfiɗa taru, ba a kafa mamari, ko da kuwa kifi zai yi tsalle ya faɗo cikin jirgi. In masunci zai ratsa, sai ya ɗaga filafili, ya yi wa na kwance sallama, ya bar jirgi ya wuce da kansa.

Mutum na ƙarshe da aka binne a wurin kafin ruwa ya zo shi ne yayana, ɗan farin Innarmu. Sanƙarau ya ɗauke shi da bazara, yana saurayi, ya fara noman gayaunarsa. Ni dai na san shi da ɗaukata a kafaɗa yana tsinko mini kanya. Inna kuwa, kamar kowace mace ta zamaninta, tana kunyar ɗan fari. Kakarmu ce ta raine shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, in zai ci tuwo sai ta ba wani ya miƙa masa. Ran da ya rasu ban ga hawayenta ba, tana bakin murhu tana dama wa masu gaisuwa kunu. In dole ta kama ta ambace shi, yaron nan take cewa. Abu ɗaya na lura da shi: tun da muka hau tudu ba ta sa kifin dam a bakinta ba. In na zaɓo mata tarwaɗa mai mai, sai ta ture kwanon ta ce ƙarni gare shi. Ni ma ban taɓa ce mata na gane ba.

Shekaru sun tura, muna ta lallaɓa rayuwa, sai ga wata farar mota a bakin garinmu. Mutanen wani kamfani ne, babbansu wani dogo mai gilashi wanda ko sannu bai iya ba. Mai yi musu tafinta ita ce ta ba ni mamaki. Wata ma'aikaciyar ofishin gona ce, Kirista, daga kudu aka kawo ta aiki Talata Mafara, ta daɗe har 'ya'yanta sun tashi da Hausarmu. Madam kowa yake ce mata. Na san ta sarai, duk ranar kasuwa wurina take sayen banda, ta tsaya ta gaishe ni tun daga gajiya har zuwa mutanen gida, ta tambayi ƙafar Inna. Da na gan ta ta fito daga motar nan tana gyara ɗankwali, sai na ji kamar ta zage ni.

Abin da suka kawo shi ne wai za su yi gonar kifi a tsakiyar ruwa, nesa da gaɓa. Za a ɗaura manyan keji na raga a jikin ganguna, su yi ta yawo a bisa ruwa, a zuba 'ya'yan kifi, a riƙa ba su abinci safe da yamma kamar kaji. Samari su sami aiki, mu masu banda mu sami kifi rani da damina. Ina daga bayan zana tare da mata na ce, kifi a keji, aku ne? Mata suka kwashe da dariya. Madam ta ji muryata, ta juyo ta yi murmushi, ni kuwa na tsuke fuska.

Sai dai in faɗi gaskiya, ba su yi gaggawa ba. Sun yi ta zuwa. Su zauna a tabarma, su sha furarmu, mai gilashi yana yamutsa fuska yana haɗiyewa. Suka gyara mana famfon da ya daɗe da lalacewa. Aka yi rasuwa a gidan liman, Madam ta zo gaisuwa da lulluɓinta, ta zauna cikin mata har la'asar. Duk wannan ni ƙara hura mini wuta yake yi. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda zai yanka akuya ai shi ne mai shafa mata wuya.

Mazanmu kuwa sun yi shawara tsakaninsu cewa ba wanda zai tambayi mutanen nan komai. A ganinsu tambaya ita ce farkon yarda. In ka ce ina za a kafa, ka nuna ke nan ka amince a kafa. Don haka duk abin da aka faɗa a taro, sai su sunkuyar da kai su ce, to, mun ji. A wurinmu mun ji ba ta wuce cewa magana ta shiga kunne. Mai gilashi kuwa duk sanda aka fassara masa sai ya washe baki yana gyaɗa kai.

Sarkin ruwanmu kawuna ne, ƙanen Inna. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru ranar da ya zaga da su cikin jirginsa. Madam ta ce masa, "Baba, ba mu so mu shiga hanyar kowa. Nuna mana inda ba ku kamun kifi."

Kawu ya ɗauka tarko ne, ana so a san wuraren kamunsu a ɗora musu haraji. Sai ya ga wannan tambaya dai ba ta da illa. Ya nuna da filafili ya ce, "Can Makwanta na. Ba mu taɓa shi."

Ta ce, "Me ya sa, Baba?"

Ya ce, "Akwai na kwance."

Daga nan bai ƙara ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ta dubi wurin ta ga ruwa shimfiɗe luf, ba igiya ba kumfa, sai ta gaya wa mai gilashi wai sunan wurin yana nufin inda ruwa yake kwanciya, kuma manyan kifaye suna kwance a ƙasa, masunta suna tsoronsu. Mai gilashi ya zura igiyar awo ya ga zurfi, ya ga tuddai sun kare iska, ya ga ba mai kamu a wurin. Me ya fi wannan? A taron da ya biyo baya suka ce sun sami wurin da ba zai taɓa abincin kowa ba. Mazanmu suka ce, to, mun ji. Ko mutum ɗaya bai ce ina ne ba. Kai, wani lokaci ban san wa zan fi jin haushi ba, su ko namu.

Ina bakin ruwa da hantsi ina jiran jiragen kifi, sai na ga jirgi mai inji ya yanki ruwa, an loda masa ganguna shuɗɗa da wasu manyan duwatsun siminti. Na bi shi da ido. Ya miƙe tsakanin tuddan nan, ya tsaya, ya kashe inji. Daga inda nake na ga 'yan ƙwadago sun taru sun turo dutse guda, ruwa ya fantsama, sai gangar da aka ɗaure da igiya a jikinsa ta tsaya a wurin tana lilo. Suka matsa suka turo wani. Kwandon da ke kaina ban san sanda na yar da shi ba. Na ɗora hannu a ka na kwarma ihu, na ce jama'a, ana jifan matattunmu!

Kafin jirgin ya dawo gaɓa ta cika. Samari da sanduna, wani har da galan ɗin fetur. Ba don Kawu ya shiga ruwa har ƙugu ya tare su ba, da an yi abin da za a daɗe ana faɗi. 'Yan ƙwadago suka juya jirgi suka sauka can wani gefe. Gangunan dai suna nan a kan Makwanta, shuɗɗa, kowa ya fito ƙofar gida yana hango su.

Na ɗauka da sun ji maƙabarta ce za su kwashe kayansu da kunya. Ina! Mai gilashi ya aiko a ce ya yi baƙin ciki, amma ai kaburburan suna can ƙasa da nisa, keji kuwa a sama yake, ba abin da zai taɓa. Kuma an tambaya, an ce an ji. Wai ba abin da zai taɓa! To dusar da za a zuba fa, da kashin kifi dubu, sama za su tashi? Da duwatsun da suka riga suka jefa, a kan wa suka faɗa?

Abin da ya fi ci mini rai, gari ya rabu. Samarin da aka yi wa alkawarin aiki suka fara gunaguni, har da ƙannen mijina. Wai na kwance ba su cin tuwo, masu rai ke ci. Wai mu da muke da gonar tsakuwa ba mu da bakin tsirfa. Sannan suka samo wata magana da ta fi kowace zafi. Suka ce ai wanda aka binne na ƙarshe a wurin uwarsa tana raye, ga ta nan cikin gari, kuma ba ta ce uffan ba. In ita ba ta damu ba, mu mene ne namu? 'Ya'yan da aka haifa a gidajen Hausawa, da suka san kunyar ɗan fari kamar yunwar cikinsu, su ne suka ɗauki shirun Inna suka kai wa Madam a matsayin yarda. Allah wadaran naka ya lalace.

Na sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na ce, "Inna, kin ji abin da suka cewa? Da shirunki za su kafa abin ga. Ki ce wani abu."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mi zan ce? Ɗan mutane na."

Na ce, "Ɗan waɗanne mutane? Kaka ta rasu, Baba ya rasu. Wa ya rage mashi in ba ke ba?"

Ta ce, "Tashi ki ba ni wuri, marar kunya."

Na tashi ina kuka don haushi. Da na waiwayo daga zaure sai na ga hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya, ba ta ɓara komai.

Madam ta zo gidanmu ita kaɗai, a kan babur na haya. Ban bar ta ta gama sallama ba. Na tare ta a ƙofa na ce, "Ke, tsaya nan. Gishirin Mafara da kika ci duk bai ishe ki ki san makwanci ba? In mutum ya mutu mi muka cewa, Allah ya kai haske ina?"

Ta ce, "Makwancinsa." Sai ta ƙara da cewa, "Wallahi 'yar'uwa, ban kawo ba. Na ga ruwa a kwance ne."

Na ce, "Ba ni ce 'yar'uwarki ba. Kun ci gona, kun ci gida, yanzu kun biyo mu har kushewa. Ki koma ki hwaɗi ma mai idon kwalba, ko zai zuba mana zinariya ba mu so."

Ta ce ita ba ta da ikon cire ganguna. Abin da aka tsayar shi ne za a yi taro a ƙofar mai gari, a ji bakin kowa, in masu so sun fi yawa aiki ya ci gaba. Ta ce in Inna tana da magana ta faɗa mata ko a kunne, ita za ta isar. Na ce Innata ba ta magana a kunnen baƙi, na rufe ƙyaure.

Ranar taro maza suka cika inuwar ɗorawa, mu mata muna bayan zana kamar kullum. Kawu ya yi magana, liman ya yi magana, amma dattawa sun riga sun karaya, sun saba da a yi yadda aka ga dama. Samari kuwa bakinsu ya buɗe. Wani ƙanen mijina ya miƙe ya sake jefa maganar nan, cewa mai ɗa a wurin ba ta ce a'a ba. Na yunƙura zan zunduma masa ashar, sai na ji an dafa kafaɗata an miƙe. Inna ce. Ta ja mayafinta, ta zaga zana da ƙafarta mai ciwo, ta fita gaban maza. Tun da nake ban taɓa ganin ta tsaya a gaban taron maza ba.

Ba ta dubi mai gari ba, ba ta dubi samarin ba. Madam ta duba. Sai ta faɗi sunan yayana. Cikakken sunansa na yanka, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Kawu ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Tsofaffin mata a bayana suka fara salati ƙasa-ƙasa, kamar sun ga an tuɓe mutum a kasuwa.

Inna ta ce, "Ni na haihe shi. Shina can ƙasa. Da shina da rai ban kira shi ba, ban dube shi ba, da yam mutu ban yi mashi kuka ba. Ruwa yaz zo na bar shi can na hau tudu. Ɗiyata, ki ce ma mutumen ga shi ɗebe ma yarona dutse bisa kai."

Mai gilashi yana ta tambayar Madam da Turanci, tana girgiza kai tana share ido da gefen ɗankwali. Da ƙyar ta gaya masa. Ban san me ta ce ba, na dai ga ya cire gilashin ya riƙe a hannu. Ƙanen mijina ya sulale ya zauna. Ba a ƙirga masu so da marasa so ba, mai gari ya shafa fatiha aka watse.

Sun kwashe gangunansu. Daga baya Madam ta dawo ta sake shiga jirgin Kawu, kuma an ce wannan karon ko gindin kuka ya nuna sai ta tambaye shi wa ke ƙasa, ta sake tambaya. Suka kai kejinsu can wani lungu kusa da bakin dam, wasu samarinmu suka sami aikin da suke so. Ta ci gaba da zuwa rumfata ranar kasuwa. Ina sayar mata, ina amsa gaisuwarta, ban ƙara yi mata gyara ba.

Duwatsun ne ba su fita ba. Sun nutse cikin laka, aka ja aka ja, igiya tana neman kifar da jirgi, sai aka yanke. Kawu ya zo gida ya tsuguna a gaban yayarsa. Ta ce, "Sun hid da shi?" Ya ce, "Yaya, ya ƙi hitowa." Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsince wakenta.

Bayan taron nan Inna ta daina zuwa suna da biki. In mata sun shigo gaishe ta sai ta shige ɗaki ta ce ƙafa ce. Na san ba ƙafa ba ce. Mutane sun yi ta cewa abin ya ƙare lafiya, an fahimci juna, baƙin nan ma ashe mutanen kirki ne. Wataƙila haka ne. Ni abin da na sani, Innata ta riƙe sunan ɗanta a cikinta tun ran da aka raɗa masa shi, sau ɗaya ya fito daga bakinta har ta koma ga Allah, shi ma a gaban baƙi, tana roƙo. Gonar da gidan na daɗe da bar wa Allah. Wannan ne ban yafe ba.